Surukina a Tsakiyar Kogin Langat

Surukina masunci ne, ɗan masunci, daga can ƙasar Yawuri. Ni kuwa ɗan birnin Kano ne, ruwan da na tashi na sani bai wuce na kududdufi da na bokiti ba. Da matata ta haihu a Kuala Lumpur, lokacin ina fama da karatun digirina na ƙarshe, uwarta ta zo yi mata wankan jego, shi kuma aka yi ta lallashinsa har ya yarda ya rako ta ya ga jika.

Gidanmu a unguwar Cheras yake, can saman wani dogon bene, ɗaki biyu da falo. Duk wanda ya san kunyar surukuta ya san wahalar da na sha. Mutumin da a gida sai na tuɓe takalmi tun daga zaure na durƙusa kafin na gaishe shi, ga shi yau muna karo a ƙofar banɗaki. In ya shigo falo, na tashi na shige kicin kamar ina neman wani abu. In na fito, shi ya koma baranda. Ban taɓa kallon tsabar idonsa ba, hannuna bai taɓa taɓa jikinsa ba sai dai gaisuwa da hannu biyu. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini.

Sati bai zagayo ba ya fara ramewa. Wuni yake a baranda yana kallon jirgin ƙasa na wucewa ta kan gada. Na sayo masa ƙunshin shinkafa da kifi daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ya tsakura ya ture. Wata safiya matata ta tare ni a kicin tana magana ƙasa-ƙasa.

"Don Allah ka kai Baba ruwa. Jiya yake cewa yanzu a gida sanyi ya shigo, kogi ya fara ja da baya, kifi ya taru a gurbi. Wallahi in bai riƙe fatsa ba ciwo zai yi."

Na ce, "Ke, a gida ne ake sanyi a Disamba. Nan tsakiyar damina muke."

"Damina ce za ta tsorata Baba? Mutumin da a kwalekwale aka yaye shi?"

Gaskiya ina ɗan taɓa fatsa, wani maƙwabcina Bamalaye ne ya koya mini, mukan je ranar Lahadi in kaina ya ɗauki zafi da karatu. Shi ne kuma ya ja mini kunne a kan abin da suke kira kepala air, wato kan ruwa. Ruwan sama ya zuba can kan duwatsu inda ba ka gani, kai kana ƙasa rana na dukanka, sai kawai kogi ya taso maka gaba ɗaya. Ya ce alamarsa busassun ganye da ƙirare su fara wucewa, ruwa ya sauya launi. Ya ce in na ga haka ko takalmi kada na tsaya ɗauka.

A mota, muna hawa hanyar Hulu Langat, na tattaro ƙarfin hali na yi wa Baba wannan bayani, ina kallon titi. Ya saurara har na gama. Ya ce, "To, madalla." Na san irin wannan madallar. Ita ce wadda babba ke yi wa yaro in ya zo koya masa abin da ya girme shi.

Da muka sauka ya ga kogin, dariya ya yi, ta farko tun zuwansa.

"Wannan ne kogin, Malam? Ai a wurinmu nan sai dai mata su yi wanki."

Ruwan garau yake, kana hango tsakuwa a ƙasa, faɗinsa bai fi a jefa dutse ya haye ba. Can ƙasa da mu wani magidanci da iyalinsa sun shimfiɗa tabarma suna cin abinci. Baba ya ɗaga kai ya dubi sama gabas da yamma, babu ko ɗigon hadari. Ya ce bismillah.

Na miƙa masa sandar fatsa da ɗan abin nan mai yawo a kan ruwa da ke nuna kifi ya taɓa, wanda na saya a kanti da fenti ja da kore. Ya jujjuya shi ya mayar mini. Ya zaro nasa daga aljihu, ashe tun a gida ya yanki tsohon silifa ya fere shi da reza. Kara yake ce masa, don a garinsu da karan dawa ake yi. Ya ɗaura, ya matse 'yar darma a ƙasa, ya soka tana a ƙugiya. Sai ya jiƙa burodi ya dunƙula, ya jefa can sama da inda yake tsaye, ya bar ruwa ya kawo garin. Ya saki karan ya bi bayan burodin, daidai inda ruwa mai gudu ke gogar mai kwanciya, yana ɗan riƙe zaren da yatsa don tanar ta riga karan isa. Ni da nake jefawa na zauna ina jiran rabo, sai na saki baki.

Karan ya nutse, ya ɗaga hannu, sai ga lampam yana walƙiya, farin kifi mai jan bindi. Ya sake saki, ya sake cirowa. Tsohon da ke jan ƙafa a falo ya miƙe tsaf, har yana 'yar waƙa a maƙogwaro. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina yau na fita kunyar matata.

Sai ya hango wani gurbi mai duhu a ɗaya gaɓar, ƙarƙashin wata bishiya da ta sunkuyo. Ya ce manyan suna can. Daga inda muke zare ba zai bi ta wurin daidai ba. Kafin na ankara ya naɗe wando ya shiga ruwa, iya gwiwa, ya nufi wani faffaɗan dutse a tsakiyar kogin.

Na ce, "Baba, da an tsaya daga nan."

Ko waiwayowa bai yi ba. Matata ta riga ta gargaɗe ni cewa a gidansu ba a kiran mai fatsa ta baya, in ya waiwaya an kore masa rabo. Na haɗiye sauran maganar, na koma na jefa tawa, amma idona yana kansa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Abin da na fara lura da shi, karana ya daina tafiya a hankali, yana wucewa da sauri har ba na iya bin sa. Na janyo, sai ga busasshen ganye a maƙale a zare. Na cire na sake jefawa, wani ya sake maƙalewa. Na dubi dutsen da na ajiye takalmina a kai, ruwa yana lasar gindinsa, alhali ɗazu a bushe yake. Tsakuwar da nake hangowa a ƙasa ta ɓace, ruwan ya koma kalar shayi da madara.

Magidancin nan na ƙasa ya riga ya kwashi 'ya'yansa ya haye tudu. Yana ɗaga mana hannu yana ihu, "Naik! Naik!", wato mu hau sama.

A daidai lokacin sandar Baba ta lanƙwashe har tana neman taɓa ruwa. Ya kama babba.

Na matsa bakin ruwa na ce, "Baba." A hankali, kamar mai tashin marar lafiya. Idonsa na kan sandar. Na ƙara murya kaɗan. "Baba, ruwa na ƙaruwa."

Bai juyo ba ya ce, "Ruwa ba ya ƙaruwa da rana tsaka, Malam. Dubi sama."

Kuma a saninsa gaskiya ya faɗa. Kogin da ya sani in zai cika sai ya yi kwanaki yana ba da sanarwa, a kafa tsinke a bakin gaɓa da yamma a zo a duba da safe. Duk rayuwarsa ruwa bai taɓa yi masa ba-zata ba. Ta yaya ɗan birni, mijin 'yarsa, zai tsaya a tudu ya gaya masa ruwa?

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Haushinsa nake ji, ina jin haushin matata da ta sa ni, ina jin haushin kaina da na tsaya ina tauna magana. Na tuna tana can da ɗanyen jego da jariri a cinya. Me zan shiga na ce mata? Na kai ubanki kallon ruwa na baro shi? Iska mai sanyi ta busa daga sama, ƙirare suka fara wucewa, har da wani reshe da ganyensa ɗanye.

Na faɗa ruwan da kayana. Inda ɗazu yake iya gwiwa yanzu ya kai cinya, ga sanyi, ga ƙarfi, yana fizgar ƙafata. Ni da ban iya iyo ba! Ina tafe ina innalillahi har na dafa dutsen na hau.

"Baba, a saki. Don girman Allah a saki."

"Ka san abin da ke bakin zaren nan kuwa?" Fuskarsa duk murna, gumi na zuba. "Saura kaɗan ya gaji."

Sai na ji ƙarar. Daga can sama take tahowa, kamar tirela a kan gada. Ban san lokacin da na fizge sandar daga hannunsa na wurga ta cikin ruwa ba. Na daka masa tsawa, ni, surukina, tsawar da ko ƙanena ban taɓa yi wa ba.

"Sauka! Ka sauka na ce!"

Ranar na fara ganin ƙwayar idonsa. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya dubi sama da kogin, ya ji abin da na ji, fuskarsa ta sauya. Ya zura ƙafa a ruwa, ruwan ya kwashe ta nan take, gwiwarsa ta bugi dutse. Na cafko wuyan rigarsa na janyo shi. Ya gwada tsayawa, ƙafar ta ƙi.

Babu lokacin neman izini. Na juya masa baya na durƙusa, na kamo hannuwansa na ɗora a kafaɗata, na miƙe da shi. Ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Na shiga ruwan, ya kai mini ƙugu, na yi taga-taga.

Bakinsa na daidai kunnena. Ya ce, "Kada ka dubi ruwa. Dubi bishiyar can. Ja ƙafa, kada ka ɗaga. Ba shi gefenka, kada ka ba shi ƙirji."

Na bi abin da ya ce. Ina ja, ina tsayawa, wani abu ya daki ƙaurina ya wuce. Ruwa ya kai mini ciki. Yana ta maimaita mini, "Ja. Ja. Bishiya." Ƙarar ta cika kunnena har na daina jin muryarsa. Sai na ga gora a gabana, magidancin nan ne ya sauko ya miƙo ta, ɗaya hannunsa na riƙe da saiwa. Na damƙa, ya ja, muka zube a laka mu biyu. Muka rarrafa muka hau tudu.

Ban gama juyowa ba ruwan ya iso. Ja wur, da kututture da gora da tarkace. Dutsen da muke kai ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Takalmina, kifin da muka kama, jakar kayan fatsa, duk sun tafi. Rana kuwa tana nan tana haskawa.

Magidancin yana ta faɗa da Malayanci yana nuna sama, ina ta ba shi haƙuri da godiya. Da ya tafi na juya wajen Baba. Yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa, gwiwar ta kumbura, hularsa ta bi ruwa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, furfura fat. Tausayinsa ya kama ni, kunyar tsawar da na yi masa ta rufe ni. Na cire hulata, wadda ko ta yaya ta tsira, na miƙa masa da hannu biyu ina kallon gefe. Ya karɓa ya sa.

Na ce, "Baba, a gafarce ni."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Mutum nawa na goyo na fitar daga ruwa a gadon bayan nan nawa."

Muka koma Cheras. A lif ya ƙi na riƙe shi, ya dafa bango. Matata ce ta buɗe ƙofa, uwarta na bayanta da jariri. Suka gan mu jiƙe sharkaf, laka har wuya, ni ba takalmi, shi da hulata a kansa. Matata ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baba, me ya faru?"

Ya gyara tsayuwa, ya saki bangon. Ya ce, "Ba komai. Malam ne santsi ya kwashe a ruwa, na shiga na ciro shi. Garin haka na bugu a gwiwa."

Surukata ta ce, "Oh ni! Ai dama ɗan birni da ruwa sai a hankali. Allah Ya sa kana kusa."

Matata ta juyo tana dubana, tana jiran ta ji daga bakina. Baba bai dube ni ba. Ya sake dafa bangon a hankali.

Na sunkuyar da kai na ce, "Haka aka yi. Allah Ya saka wa Baba da alheri."