Kabargiwata ta Aji Huɗu

A bazarar shekarar da motoci suka koma tafiya ta hannun dama, wata ranar Asabar, na hau duwatsun bayan ƙauyenmu da ke kusa da Jabi, riƙe da guntuwar fartanyar babana. Malam Audu, malaminmu na aji huɗu, ya ce kowa ya kawo shukar da za ta ƙawata gaban aji. Wadda ta rayu har ƙarshen zango za a rubuta sunan mai ita a jikin tukunyarta. Ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji, wannan sunan nake so ƙwarai. A wani tsagin dutse na haƙo kabargiwa, tsiron nan mai ganye masu kauri da ƙayoyi a gefe, jikinsa da ɗige-ɗige kamar na zabuwa.

Na dasa ta a tsohuwar tukunyar miyar Inna, na cika da taki mai laushi. Kullum da safe kafin mu share filin makaranta sai na zuba mata ƙoƙo ɗaya, in an tashi na ƙara wani. Ƙawayena na can suna carafke a gindin ɗorawa, ni ina tsugune ina auna ganye da tsinke, ina rubutawa a bayan littafin lissafi. Bayan mako uku ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya saki, gindin ya fara wari. Sai na ƙara ruwa.

Ranar da na ɗauko ta zuwa gida ina hawaye, na ci karo da Mama Ladi, maƙwabciyarmu Bagwariya mai ginin tukwane, ta saɓo itace a kafaɗa. Ta leƙa tukunyar, ta tsoma yatsa, ta fashe da dariya. "'Yata, shinkafa ne ka shuka? Wannan ɗan dutse ne, ƙishirwa ba ya kashe shi." Ta tumɓuke shukar, ta yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, ta huda gindin tukunyar da ƙusa, ta cakuɗa yashi da tsakuwa. Kwana uku shukar ta sha iska a inuwar rumbu kafin mu mayar da ita. Ta ce in ta gan ni da ƙoƙo kafin kwana goma, ni da tukunyar za ta gasa.

Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan rashin aikin ba. Amma ganyen ya miƙe, har 'ya'ya biyu suka leƙo daga gefe. Ranar dubawa Malam Audu ya tambaye ni sirrin a gaban kowa. Na ce, "Malam, daina ba ta ruwa na yi." Ajin ya ɗauki dariya, ni ma na yi. Ya rubuta sunana, Asabe, a jikin tukunyar da farin fenti, har harafin ƙarshe ya zuba.

Yau an fasa duwatsun nan an yi gidaje, kabargiwa kuma ana sayar da ita a bakin titi cikin tukwanen roba. Nakan ga masu gadi suna yi mata wanka da tiyo kowace safiya, bakina ya yi ta motsi. Wani lokacin har nakan tsaya in yi musu magana.