Zizar da Ta Kusa Raba Raufu da Sana'arsa

Marka ake yi a Funtuwa ranar da Raufu mai gyaran sifika ya ce ya bar sana'a. Ruwan ba mai ƙarfi ba ne, amma ya yi kwanaki bai ɗauke ba. Tufafi ba sa bushewa, gam ma haka. Rumfarsa ta bakin kasuwa tana yoyo, shi ya sa tun farkon mako ya ɗauko aikin da ke hannunsa ya kawo ɗakin matarsa.

Raufu haifaffen Funtuwa ne. Iyayensa Yarbawa ne da suka zo kasuwanci lokacin da auduga ke tashe, suka zauna. Matarsa Sabuwa kuwa 'yar garin Ƙarfi ce. Aikinsa ɗaya tun yana saurayi: a kawo masa sifikar da ta ƙone ko ta yage, ya cire tsohuwar takardarta, ya share ramin maganaɗisu tas, ya zura sabon koyil, wato naɗin siririyar waya, ya liƙa sabuwar takarda. Ladanan ƙauye, da masu kiɗan biki, da masu tallar maganin dabbobi a kasuwar Dayi, duk sun san rumfarsa.

Ba ya miƙa aiki ranar da ya gama shi. Yakan ce sabuwar takarda kamar sabon san huɗa take, sai an hore ta. Sai ya kunna sifikar ƙasa-ƙasa, ta wuni tana gurnani har ta saki jiki, shi kuma yana gefe ya kasa kunne, ko akwai abin da ke gogawa.

To, kunnen ne ya soma ba shi matsala. Shekarun da ya kwashe yana kara kai a bakin sifika sun cinye masa na hagu. Bai faɗa wa kowa ba. Mai kunne ɗaya kuwa yana jin ƙara, amma ba ya gane ta inda ta fito.

Sifikar da ya kawo gida ta wani mai kiɗan biki ce, Mahadi, daga Malumfashi. Da Raufu ya gama ta ya kunna, ya ɗan ƙara mata ƙarfi, sai ga wata siririyar ziza, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ya kashe. Ya baza yatsu a kan takardar ya danna a hankali, bai ji tana goga komai ba. Ya duba siraran wayoyi biyu da ke jikin takardar, ba sa taɓa ta. Ya ƙara ɗaure kusoshi, ya kunna. Ziza tana nan. Ya ce to garin ƙarfe ne ya faɗa ramin, ko kuwa danshi ya hana gam kamawa. Ya sa reza ya farke aikinsa da hannunsa, ya sake sabo, ya jira ya bushe.

Ranar nan da hantsi ya sake kunnawa. Ziza ta dawo, ko raguwa ba ta yi ba.

Ya ɗauki reza, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ajiye.

"Sabuwa, na gama."

Tana bakin ƙofa tana tsintar wake a faifai. "Ka gama sifikar? Alhamdu lillahi, a ba ni ɗakina."

"Sana'ar na gama. Hannu ya daina min biyayya, koyil ma ba na iya saitawa. Gara in mayar wa mutum kayansa ya kai Zariya, kafin a fara yi da ni a kasuwa."

"Ka koma me, Malam? Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa? Zama za ka yi ka ishe ni?" Ta ajiye faifan. "Kunna in ji."

"Ke da ba ki bambance koyil da taliya?"

"Ai ba ilmi na ce zan ba ka ba. Kunne zan ara maka."

Ya kunna. Sifika ta soma gurnani, ziza ta biyo baya. Sabuwa ko kallon sifikar ba ta yi ba. Ta karkata kai, ta wuce shi, ta nufi kabad ɗin da ta jera kwanoninta na aure. Ta ɗora yatsa ɗaya a kan murfin wata tsohuwar langa.

Ziza ta ɗauke.

Ta ɗaga yatsa, ta dawo. Ta mayar, ta ɗauke.

Raufu ya zauna a bakin gado. Ashe aikin farkon da ya farke lafiyarsa ƙalau. Ya so ya yi dariya, sai ya ji idonsa ya ciko.

Sabuwa ta cire murfin, ta zo ta zauna kusa da shi. "Kunnen hagun ne, ko?"

"Tun yaushe kika sani?"

"Ba ka lura na daɗe da komawa zama ta damanka ba? Har abinci ta nan nake miƙo maka."

Can ya ce, "Da kin faɗa."

"Naka ne, Malam. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Sifikar ta wuni tana gurnani, tsaf, ba ziza. Washegari Mahadi ya zo ya ɗauki abarsa.

Daga baya Raufu ya je asibiti, aka ce masa na hagun ba zai dawo ba, ya dai kiyaye na daman. Ya saki rumfar kasuwa, ya mayar da aiki zauren gidansa. Yanzu in zai gwada sifika sai ya leƙa cikin gida ya kira Sabuwa. Ita ke cewa, "Wannan na ɗaki ne," ko "Wannan a cikinta yake." In a cikinta yake, yatsunsa su nemo wurin. Har yau yana Funtuwa yana aikinsa, sai dai ba ya karɓar fiye da abin da su biyun za su iya saurara.