Vernon da Fili Mai Bangon Gilashi

Ana sanar da membobin kulob ɗinmu na St. Louis cewa daga yanzu kowa zai iya shan shayinsa lafiya, domin mai damun su da zancen raketbol, wasan buga ƙwallo a bango, ya tafi. Vernon Stuckey ya rasu ranar Talata, 11 ga Maris, bayan ciwon zuciya.

Vernon, ina yaro na fara ganin ka ta bayan gilashi, kana dukan ƙwallo kamar ta zage ka. A lokacin lauyoyi da likitoci kan zauna a matakala don rashin kujera. Sai masu talabijin suka zo, suka ce ƙwallon ta fi ƙarfin ido, suka naɗe wayoyinsu. Manyan garin suka bi su. Aka cika filayen wasan da kekunan motsa jiki, guda ɗaya mai bangon gilashi ya rage. Shi ka tsare har ka tsufa.

Da kujeru suka koma wayam, ka shiga unguwannin 'yan Meksiko da Bolibiya, waɗanda wasan bai mutu a ƙasashensu ba. Ka koyar da 'ya'yansu kyauta. Ranar gasa suka zo da ganguna da kakanni da tukwanen abinci. Tsofaffin membobi suka kai ƙara wai an yi hayaniya, su da a da suke dukan gilashi da takalmi don murna.

Ni ma na tsokane ka. “Tsoho, wannan gasa ce ko bikin aure?”

Ka ce, “Farfesa, naku masu ladabin kallon suna ina? Suna gida suna shafa wa gwiwa magani.”

A asibiti ba ka tambayi likita komai ba. Ni ka riƙe wa hannu. “Za su rushe filin ko?”

Na ce, “Haba dai. Ko don kunyar idon mutane ba za su taɓa shi ba.”

Waɗanda suka yi maka tafi a zamanin ƙuruciyarka furanni suka aiko. Baƙin nan su suka ɗauki akwatinka.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ga matarka Loretta da 'yarka Gail, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Jiya na tarar da ma'aikata suna kwance gilashin, yaran da ka koyar suna tsaye a waje da raket ɗinsu na buga ƙwallo a hannu. Na zaci mutanenmu suna da kunya, Vernon. Ban faɗi daidai ba.