Ƙwayar dawa a kan rimot ɗin Baba

Na danna, na sake dannawa, talabijin ko gezau. Baba na zaune kan tabarma yana jira.

Tun da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci, tashar Makka ce abokiyar hirarsa. Rimot ɗinsa ya mutu, sabon dikoda kuwa a wannan tsadar sai dai kallo. Shi ne na sayo masa a kasuwar Ɗanbatta irin wanda ake saitawa da kowace na'ura.

Duk lambobin saitin na gwada, na canza batir, shiru. Raina ya ɓaci, har na sa takalmi zan koma in ci mutuncin mai shagon. Sai na lura Inna ta riga ta naɗe shi da leda, ta liƙa baƙin salatif daidai kan idonsa.

"Haba Inna, ai kin rufe masa ido!"

"To ni na sani? Don ya daɗe na yi. In wannan ya lalace, wani zai sayu ne?"

Na ɓare salatif ɗin, na sa lamba, sai ga Ka'aba. Na saita maɓalli ɗaya ya riƙa kai shi can kai tsaye. Da yake Baba ba ya gani sosai, Inna ta manna ƙwayar dawa a kai da ƙaro.

Ya lalubo ta da babban yatsa, ya danna da kansa, ya ce, "Alhamdulillahi, na huta da kiran mutane."

Allah Ya saka wa Inna da alheri. Ku fa, wace dabara mahaifiyarku ta taɓa yi da ta sa kuka kama baki?