Tarihin Zorzi Balestra, Mai Sassaƙa Fuskoki a Galata

Wata yarinya a Galata ta tambayi uwarta a gaban baƙi ko da gaske ne kakanta Zorzi bai san dama da hagu ba. Domin ita da ƙannenta aka rubuta wannan tarihi, kafin 'yan unguwa su ba su nasu.

Haihuwa da Koyon Sana'a

An haifi Zorzi Balestra a shekarar 1521 Miladiyya a garin Kiyoja kusa da Venis. Mahaifinsa Alvise masunci ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Orsa. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi wajen wani maƙerin zinariya, inda ya koyi sassaƙa fuska a kan farantin tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda. A can aka koya masa cewa abin da aka sassaƙa a dama, a hagu yake fitowa.

Hijira da Aure

A 1546 ya biyo jirgin fatake zuwa Istanbul, ya zauna a unguwar Galata yana zana manyan daular Usmaniyya, domin Turawa na ɗokin ganin fuskokin waɗanda suke tsoro. A 1549 ya auri Evdokiya, 'yar wani mai gasa burodi.

Al'amarin Sungur Fasha

A 1553 Sungur Fasha, shugaban wata rundunar jiragen ruwa, mai tabon takobi a kuncin dama, ya nemi a zana shi. An san ya taɓa sa a yi wa wani mai zane bulala, a kore shi daga birnin, saboda hoton bai kama shi ba. Zorzi ya yi aikin cikin gaggawa, ɗansa na fari yana fama da zazzaɓi, ya manta bai juya zanen ba. Tabon ya fito a hagu. Bai lura ba sai da takardar ta shiga fada, kuma Evdokiya ta fara ɗaure kayansu.

Da aka kira shi, Fasha ya daɗe yana duban hoton, bayinsa sun sunkuyar da kai, domin duk sun ga kuskuren. Shi kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba sai a madubi. Sai ya ce: “Kai Bature, ashe akwai mai ido a cikinku. Ga tabona daidai inda nake ganinsa kullum da safe.” Babu wanda ya yi gyara. Zorzi ya koma gida da alkyabba, ya tarar zazzaɓin yaron ya sauka.

Rasuwa

Ya rasu a 1588, aka binne shi a maƙabartar Kiristoci ta Galata. Ya bar 'ya'ya uku: Alvise, Manoli da Marula.

Farantin hoton Fasha yana nan a gidan Manoli. Duk wanda ya gaje shi, kada ya kuskura ya gyara tabon nan, da shi gidan ya tsira. Kuma a ajiye shi sama inda hannun yara ba ya kaiwa, bakinsa yana yanka.