Ranar da aka kankare min kantar haƙora

Shekarun baya, tun ina goyon ɗana na uku, muna zaune a wani ƙauye cikin fadamar Hadejia. Tun ina budurwa nake cin furen taba da goro, haƙorana jawur, kuma a lokacin ado ne. Sai dasashina ya fara jini. In na yi asuwaki sai na tofar da ja, haƙoran gaba na ƙasa guda huɗu kuma suka soma motsi. Bayansu wata kanta ta daskare kamar dutse.

Shawara ta rabu. Mahaifiyata ta ce a kira wanzami ya kankare da aska. Maƙwabciyata ta ce akwai mai wani ruwa a kwalba ranar kasuwa, yana gogawa da auduga haƙori ya yi fari nan take. Nata sun yi farin, amma na lura ruwan randa ma sai ta runtse ido take sha. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ce ta ce in je asibiti.

Mahaifiyata ta ce, "Wannan kantar ita ke riƙe miki su. Suka cire, za ki dawo min da giɓi."

Da wannan maganar na shiga kwalekwale zuwa asibiti.

Wadda ta duba ni wata Sista ce 'yar Filato. Ta ce aikin iri biyu ne: akwai inji mai fesa ruwa, yana girgiza kantar ta farfashe da sauri, akwai kuma ƙarfen hannu mai lanƙwasa, shi a hankali ake bi da shi. Ta fara da inji. Ƙararsa har cikin ƙwaƙwalwata. Ba a yi nisa ba aka ɗauke wuta.

"Maman yaro, in muka tsaya a nan ba mu yi komai ba. Za ki iya daurewa da na hannu?"

Na gyaɗa kai, don bakina cike yake da auduga.

Tana ja ina jin ƙarar ƙarfe a jikin haƙori. Can sai wani abu ya ɓalle, ya faɗo kan harshena. Na kai harshe wajen, na ji rami. Na riƙe hannunta.

"Sista, kin karya min haƙori."

Ta ɗauko abin ta ɗora min a tafin hannu, baƙi, kamar tsakuwa. "Murƙushe shi." Na danna da farce, ya marmashe. "Haƙori ba ya haka. Amma ba zan ɓoye miki ba, abin nan ya ci dasashin. Za su ƙara motsi kafin su kama, kuma ɗaya ban da tabbas a kansa."

Na koma gida iska na ratsa tsakanin haƙorana. Mahaifiyata ta ce in buɗe baki, ta taɓa su da yatsa, ta ji suna motsi, ta tashi ta bar ni. Tashin nan nata ya fi min faɗa ciwo. Kwanaki ina shan kunu ina kurkure baki da ruwan gishiri, kullum da asuba sai na lallaɓa su da harshe in ji ko suna nan.

Jinin ya tsaya. Uku suka kama. Ɗayan ya fita da kaka, ina cin ɗanyar gyaɗa.

Har yau in na tuna, abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda na so in bar abin da ke cinye su don ina ganin shi ke riƙe su. Fure dai tun ranar na sallame shi. Jikokina kan tambayi inda haƙorin ya tafi, ni kuwa sai in nuna musu ukun da suka zauna.