Ƙashin da Bai Sha Rana ba

Mun zo Landan a ƙarshen shekarun 1980. Maigidana yana karatu a wata jami'a da ke Bloomsbury, ni kuma ina goyon 'yarmu ta fari, wadda ko zama ba ta fara ba. Muka samu flat, wato gidan haya, a wani dogon benen ƙaramar hukuma a Edmonton, can sama, tagoginsa suna kallon bayan wani benen. Da sassafe yake fita, sai bayan magariba ya dawo. Ni da yarinya muna ciki.

Sanyin garin ya tsorata ni. Ga lif ɗin gidan da yawan lalacewa, sai mu yi kwanaki ba mu sauka ba. In fita ta kama dole, nakan sa mata riga kan riga, da hula da safa, in lulluɓe kekenta da leda saboda ruwa. Hancinta kaɗai ake gani.

Ta cika shekara ba ta tsaya ba, na ce nauyin jiki ne. Ta yi shekara da rabi, in na kama hannunta na miƙar da ita sai ta tsala ihu ta zube. Wuyan hannunta ya yi kauri kamar an ɗaura wani abu a ƙarƙashin fata. Wata rana ina yi mata wanka na haɗa idon sawunta biyu, sai na ga gwiwoyinta sun ƙi haɗuwa. Ƙafafun sun lanƙwashe kamar baka.

Na san irin ƙafar nan. Ina da baffa a Kano, ƙanin mahaifina, haka ƙafafunsa suke. Yana tafiya yana rangaji, yaran unguwa suna kwaikwayonsa a bayansa. Na zauna a bakin bahon ina kallon 'yata, na ce shi ke nan, abin a jininmu yake, ni na kawo mata.

Maƙwabciyarmu wata Hajiya ce 'yar zongon Kumasi, tana aikin share ofisoshi a Aldwych. Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Ta shigo karɓar daddawa, ta ga yarinyar tana jan gindi, ta daɗe tana kallonta.

"Yarinya nan, ƙafa shi ba daidai ba," in ji ta. "Ka kai shi asibiti."

"Hajiya, in suka karɓe ta fa?"

Ba ta ce ba za su karɓe ba. Dukanmu mun sha jin yadda hukuma a ƙasar nan take raba yaro da iyayensa in ta yi zargin ba a kula da shi. Ta dai ce, "To, zama ma ba magani."

Da maigida ya dawo na nuna masa. Ya shafa ƙafar ya dudduba. Washegari ya ce, "Na yi booking wurin likita, ranar Alhamis za mu je."

"Malam, in suka ce laifinmu ne?"

"Sai mu faɗi gaskiya," ya ce, amma muryarsa ba ta yi kama da ta mai tabbas ba.

Likitan unguwa ya tura mu asibiti. Can aka yi ta yi mana tambayoyi: ta taɓa faɗuwa? Me take ci? Wa yake zama da ita? Kowace amsa sai an rubuta. Aka ɗebi jininta, sannan wata nas ta ɗauke ta zuwa ɗakin hoton ƙashi. Da yake ina da ƙaramin ciki a lokacin, aka ce in jira a waje. Ina jin kukanta ta bayan ƙofa. Na tsaya na kafe idona a kan ƙofar nan, ina ta salati, a raina ina cewa wataƙila ba ta nan za a fito da ita ba.

Ta nan aka fito da ita. Na rungume ta har ta fara ture ni.

Bayan mako muka koma. Likitar 'yar asalin Indiya ce, ta ɗaga hoton ta nuna mana bakin ƙasusuwan. Ta ce ƙashi ba ya ƙwari sai da wani sinadari da fata take yi idan rana ta taɓa ta. Baƙar fata irin tamu tana buƙatar rana mai yawa, ranar Landan kuwa ba ta da ƙarfi, da hunturu ma kusan babu ita. Ta ce ni ma da nake shayarwa ina da ƙarancinsa.

Na tattara ƙarfina na ce, "Gado ne? Baffana haka yake."

Ta ce ba ta ga baffana ba, ba za ta iya cewa komai a kansa ba. "Abin da ta gada fatarki ce, kuma fata ce mai kyau. Da a Kano take da wuya hakan ta faru. Fatar ce ta haɗu da garin nan."

Aka ba mu magani na ɗigawa a baki, ni da ita. Aka ce mu yawaita ƙwai da kifi. Da bazara ta shigo, duk ranar da gari ya washe nakan sauko da ita ko lif yana aiki ko ba ya yi, mu tafi filin wasan yara. In tuɓe mata safa da wando, mu zauna kan ciyawa kusa da matan Turkawa, ina dafa ƙirjinta kada ta yi mura.

Ta wuce shekara biyu kafin ta taka. Ƙafafun sun miƙe a hankali cikin shekaru, ta hagu ce dai ta rage ɗan kaɗan. Amma tsoron bai sake ni da wuri ba. Har ta shiga firamare ina tsayar da ita bayan wanka ina auna tsakanin gwiwoyinta da yatsu, ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci cewa in ƙyale ta, ta makara.

Ƙanenta da na haifa a nan ya sha maganin tun yana jariri. Duk da haka kullum sai na murza wuyan hannunsa. Ran da ya kama kujera ya miƙe, ya saki, ya yi taku zuwa wurin yayarsa, ina riƙe da faranti. Na ajiye farantin a ƙasa na zauna ina kallon ƙafafunsa.